Takabar Doreen

Titin Caledon,
District Six, Cape Town,
Ƙarshen watan Disamba.

Zuwa ga ƙanena Gasant,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganin fuskarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya lau, kai da Gairo da yara, ya ƙara maka buɗi a makarantar da kake koyarwa a Fremantle, ya kuma tsare ku daga sharrin baƙunta. An ce zumunta a ƙafa take, to mu teku ya shiga tsakaninmu, sai dai mu yi ta da alƙalami. Mu nan alhamdu lillahi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Maigidana Salie yana fama da gwiwa, amma hakan bai hana shi hawa keken ɗinki ba, bai kuma hana shi gardamar ƙwallo a dakali ba. Yaya Galiema ta rame har idonta ya faɗa, sai dai bakin nan nata yana nan da kaifinsa. Motocin rusau sun iso bayan masallaci. An kwashe mutanen gidan Abrahams zuwa can cikin yashi inda ko kanti babu, kuma tsohuwarsu ba ta yi wata biyu a can ba ta cika. Mu dai ba a buga mana ƙofa ba tukuna, kullum muna sauraro.

Takardarka ta iso, Salie ya karanta mana ita a kicin, ya tsallake wasu wurare don kunya, ni kuwa na karɓa na karanta abina duka. Ka kira mu jahilai, Gasant. Ka ce mun binne yarinya da ranta. Ban yi fushi ba, don na san wanda ya daɗe cikin Turawa yakan manta da wane nono ya sha. Amma rabin magana ka ji, daga bakin mutanen da ba su kwana gidan nan ba. Ka san ni ba na rufa-rufa, saboda haka bari in ba ka ita daga tushe, sannan ka yanke mana hukuncin da ka ga dama.

Ranar Juma'a ce Toyer ya faɗo daga katakon gini, yana shafe bangon bene na uku. Ɗan Yaya Galiema ɗaya tilo, yaron da ni na yi masa wankan farko. Har yau in na ji wani yana fito a kan titi da safe sai gabana ya faɗi. Lokacin da aka aiko daga babban asibitin gindin dutse, mazan gidan duk suna masallaci, ni da Yaya Galiema kuma mun tafi taya girkin biki a Salt River. Wadda aka samu a gida ita ce matarsa Doreen. Na san za ka ce sunanta Koelsum tun ranar da ta musulunta, amma wannan suna bai taɓa zama a bakina ba. Ta saɓi 'yarsu Asa ta ruga asibiti ita kaɗai. Can wani matashin likita ya zaunar da ita a benci ya ce mata ƙwaƙwalwar mijinta ta mutu, inji ne ke yi masa numfashi, ba kuma zai farka ba har abada. Ya ce akwai wani bawan Allah a ɗaya ɓangaren da zuciyarsa ta gaji, ko za ta yarda a dasa masa ta mijinta. Ba ta jira a sauko daga masallaci ba, ta sa hannu. Ba ta ce bari in tambayi uwar da ta haife shi ba. Daga baya da muka titsiye ta, cewa ta yi ai mu muka koya mata wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci mutane duka ne, ita sadaka ta yi wa Toyer don ya iske ta a can. Ka ji illar karatun da aka yi shi da girma.

Ba a ba mu gawa ba sai washegari, abin da ba a taɓa yi wa zuriyarmu ba, mamacinmu ya kwana a waje. Tsoho Moegsien mai wankan gawa ne ya yaye mayafin, ya ga ɗinki tun daga maƙogwaro har cibiya. Mutumin nan ya wanke rabin mazan unguwar nan, amma sai da ya fito tsakar gida ya jingina da bango. Ya ce wa Salie shi dai zai wanke abin da aka kawo masa, amma kada a ce masa ya shaida cewa mutum cikakke ya wanke. Maza suka ɗauki makara a kafaɗa suka haura da ita, waɗanda suka ɗauka suna ta raɗa wai ba ta da nauyi. Zancen banza ne, zuciya nawa take, amma maganar ta zagaya unguwa kafin su sauko daga maƙabarta.

Kai kana nan lokacin da aka fara wannan aiki na dashen zuciya, ka kuma tuna yadda garin nan ya haukace. Kafin nan shekaru muna jin labarin karnukan da ake yankawa a bayan asibiti ana musanya musu zuciya, har yara na tsokanar juna wai a ɗaure kare kada likitoci su gan shi. Sannan aka wayi gari an yi wa mutum, 'yan jarida suka cika gari daga ko'ina, ana ta murna wai mun riga Amurka, alhali can akwai likitocin da suka tsufa a kan aikin. Mutumin farko bai cika sati uku ba. Bayansa kowace ƙasa ta ɗauki wuƙa, ana ta dashe kamar ana dasa albasa, akasarinsu kuma kwanaki kaɗan suke yi jiki ya gane baƙuwa ce ya kore ta. Salie yana karanta mana su a jarida ɗaya bayan ɗaya, mu ce Allah ya kyauta mu ci gaba da tsintar shinkafa. Ina gaya maka wannan ne don ka san abin da muka sani a lokacin. Babu wanda ya zaci abin zai daɗe.

Bayan addu'ar bakwai Doreen ta zo ta durƙusa gaban Yaya Galiema da mayafinta, ta ce Mama, a koya mini yadda ake takaba, ina so in yi wa Toyer daidai. A ranar kuwa jarida ta fito da hoton Baturen da aka dasa wa zuciyar, wani Van Tonder, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, zaune a gado yana cin ƙwai yana ɗaga babban yatsa. Yaya Galiema ta shimfiɗa jaridar a ƙasa gaban yarinyar. Ta ce mata, ke 'yar nan, takaba ta matar mamaci ce, wannan kuwa ya yi miki kama da mamaci? Ta ce muddin zuciyar ɗanta na bugawa to ɗanta bai gama mutuwa ba, wanda bai gama mutuwa ba kuwa ba a fara ƙirga wa matarsa kwana. Za ta zauna a ɗaki kamar mai takaba, ba ado, ba fita, ba magana da namiji, amma ƙirga ba zai soma ba sai ranar da zuciyar ta tsaya. Daga nan ta yi wata huɗu da kwana gomanta, ta ɗauki 'yarta ta kama gabanta. In kuwa ta sa ƙafa waje kafin nan, to ta tafi ita kaɗai. Ni na ce wannan shi ne daidai, har yanzu kuma ban canza ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Yarinyar ta ce to. Ina za ta? Danginta sun shafe sunanta tun ranar da ta bar coci, ga shi tana tsoron zunubi fiye da mu da aka haifa cikin addinin.

Ba zan ɓoye maka ba, Liman Sedick ya zo har gida a kan maganar. Ya ce babu wannan a littafi ko ɗaya, takaba daga ranar rasuwa take, kuma abin da muke yi zalunci ne da za a tambaye mu. Yaya Galiema ta zuba masa shayi, ta tura masa farantin kusista, soyayyar fulawar nan mai zaƙi, da kwakwarta a sama, ta bar shi ya gama. Sannan ta ce masa, Sedick, ni na ɗauke ka a kan tire ranar sunanka, ka jiƙa mini rigar biki, yau kai ne za ka koya mini mutuwa? Ta tambaye shi a cikin littattafan nasa wane malami ne ya taɓa ganin an binne mutum ranar Asabar, zuciyarsa kuma ta ci ƙwai ranar Alhamis. Ta ce ranar da ya samo babin, ya dawo ta sake dafa masa shayi. Ya tashi bai taɓa kusistar ba. Ya yi huɗuba a kanmu ba tare da kiran suna ba, maza suka dawo suna sunkuyar da kai, amma ka san a gidan nan ba maza ke riƙe da mabuɗin ɗakin baya ba.

To sai Baturen ya ƙi mutuwa. Wata ya wuce, wani ya bi, ya bar asibiti, aka nuna shi yana ban ruwa a lambu, aka nuna shi a bakin teku da gajeren wando ƙirjin nan a waje. Ga shi da barkwanci. Ya ce wa 'yan jarida wai yanzu in ya je gidan waya rasa ƙofar da zai bi yake yi, ta Turawa ko tamu, wai kuma tun da aka sa masa abin nan yake kwaɗayin abinci mai yaji. Duk gari aka yi ta dariya. Yaya Galiema ta sa aka karanta mata sau biyu, ba ta yi kuka ba, ta dai je ta buɗe ɗakin baya ta maimaita wa Doreen kalma bayan kalma. Kullum da an buga igwar nan ta kan dutse mai sanar da tsakar rana sai mu kunna rediyo, yarinyar ta matso bakin ƙofarta ta zauna a ƙasa tana sauraro. Da farko in an ce yana lafiya murmushi take yi, ta ce zuciyar Toyer ai ƙarfi gare ta. Ta yi ta ɗinkin aljihu da maɓalli wa Salie daga cikin ɗaki, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Wani lokacin in na kai mata abinci nakan ji tausayinta ya taso mini, sai in tuna ɗinkin da Moegsien ya gani, ya koma inda ya fito. Ita kuwa ni ta ɗauka tata ce a gidan. Goggo kaza, Goggo kaza, duk abin da ke cikinta ni take zazzage wa.

Ana cikin haka, bayan shekara ta zagayo, takardarka ta farko ta zo, wadda ka ce ka tsaya mata, ka samo mata aikin ɗinki, ka kama musu wuri ita da Asa a jirgin ruwan tsakiyar watan Maris, kuma izinin ba ya wuce wannan jirgi. Na san alheri ka nufa, amma kai ka lalata yarinyar nan, Gasant. Da tana zaune ne kawai, daga ranar ta koma lissafi. Ta ƙirga da yatsu ta gano cewa in har za ta gama takaba kafin jirgi ya tashi, dole zuciyar ta tsaya kafin tsakiyar azumi. Daga nan murmushin bakin ƙofa ya ƙare. In rediyo ya ce Van Tonder ya je kallon wasa, sai ta tashi ta koma ciki ta ja ƙofa.

Wata Talata da hantsi muka nemi ta muka rasa. Ashe asibiti ta tafi, wai ta roƙi likitan nan ya zo ya gaya wa surukarta cewa Toyer ya mutu tun ranar Juma'ar. Aka yi rashin sa'a ranar ce Baturen ke zuwa awo, wata nas mai son a yaba mata ta ja ta har ɓangaren Turawa don su gaisa. Da bakinta ta ba ni labari, kanta a cinyata tana kuka. Ta ce mutumin ya kama hannunta biyu ya girgiza, ya ce mata yarinya, mijinki doki ne, likitoci sun ce wannan inji zai kai ni shekara ashirin. Matarsa kuma ta ce ta biyo ta ƙofar baya wata rana, akwai tsofaffin riguna da ta ware mata. Na tambaye ta ita me ta ce. Ta ce ta ce masa Allah ya ƙara lafiya, amma Goggo, bakina ne kawai ya faɗa. Na shafa kanta har ta yi shiru, sannan na je na gaya wa Yaya Galiema, don ba a ɓoye wa uwa abin da ya shafi ɗanta. Tun da ta dawo da ƙafarta ba a kore ta ba, amma a ranar aka ɗauke shimfiɗar Asa aka mayar ɗakin kakarta.

Likitan ya cika alkawarin da ya yi mata a asibiti, ya zo da yamma da hularsa a hannu, yara suka yi dafifi a kan motarsa. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zauna a bakin kujera ya yi ta bayani a kan ƙwaƙwalwa, ya ce mutum a kansa yake, zuciya famfo ce kawai. Yaya Galiema ta ce masa ita ba ta yi makaranta ba, tambaya ɗaya gare ta. Abin da kuka ciro daga ƙirjin ɗana, matacce ne ko mai rai? In matacce ne, me ke bugawa a cikin mai duba tikiti? In kuwa mai rai ne, wa ya ba ku izinin ciro shi? Ya ce tambayar nan manyansa ma sun sha gardama a kanta kafin su fara. Ta ce to ya koma su gama gardamar. Ya roƙe ta don Allah ta saki yarinyar, ta ce masa shi ya fara sako mata ɗanta.

Da azumi ya kama sai ga labari Van Tonder ya koma asibiti, jikinsa ya fara faɗa da zuciyar, ƙafafu sun kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Gidan nan ya rabu biyu. Yaya Galiema ta daina shan ruwa da kyau, tana kan darduma tana roƙon Allah ya bar mata abin da ya saura na ɗanta, ko da a ƙirjin kafiri ne. Doreen kuwa ta yi wani irin haske, ta wanke kayan Asa ta goge, tana cin abinci. Ranar goma ga wata bayan la'asar na je karɓar ɗinki, na tarar da ƙofarta a buɗe kaɗan, tana sujada. Na tsaya don kada in katse mata salla, ba laɓe na yi ba. Da kunnena na ji tana cewa, ya Allah ka tsayar da ita, ya Allah ka tsayar da ita, Toyer ka yafe mini, na gaji. Tana maimaitawa goshinta a ƙasa, bakinta da azumi. Wannan ita ce zuciyar da ta kwanta a kanta shekara huɗu. Ban ɓata lokaci ba na kai maganar inda ta dace. Yaya Galiema ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in bar ta tukuna, ba a yanke hukunci da azumi.

Allah kuwa bai karɓa mata a lokacin da take so ba. Likitoci suka ƙara masa wani magani, zazzaɓi ya sauka, ranar sha biyar ga azumi rediyo ya ce ya tashi zaune ya nemi a kawo masa nama. Ranar ce muke dama bubar, madarar nan mai taliya da kake sha kofi uku kana yaro. Yaya Galiema ta dama tukunya babba ta raba wa maƙwabta don godiya, ta zuba kofi guda ta ce in kai wa mai lissafi. Na kai. Tana zaune a bakin gado da tufafin Asa a ninke kusa da ita. Ta karɓa ta ce na gode Goggo, ta riƙe kofin har ya huce. Da safe na same shi a inda ta ajiye.

Baturen ya yi ƙaramar salla da mu, in ji Salie, ya kuma ƙara sati uku. Ranar Laraba ta makon jiya, igwa na tashi, mai labarai ya ce Van Tonder ya rasu da asuba, ya yi wata goma sha takwas da sabuwar zuciya, likitoci sun ce an ƙaru da ilimi mai yawa a kansa. Yaya Galiema ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Kukan da ba ta yi ranar makara ba shi ta yi ranar, tana kiran Toyer da sunan da take kiransa yana jariri, ni ma na yi har muryata ta dushe. Aka sake zaman makoki, mata suka cika gida. Salie ya sa kwat ɗinsa ya hau jirgin ƙasa har unguwar su Van Tonder, ya tsaya a ƙofar baya ya roƙi matar a ba mu zuciyar mu binne ta wurin mai ita. Ta ce masa ta ji tausayinmu, amma kyauta aka ba mijinta, ba a kuma tambayar kyauta. Yanzu zuciyar tana can cikin akwati a maƙabartar da ko shingenta ba a yarda mu dafa ba, ba ta fuskantar alƙibla.

Da mutane suka watse Doreen ta fito ta durƙusa. Ta rame har mayafin ya yi mata yawa. Ta ce Mama, na zauna shekara da rabi ban ƙi ba, don girman Allah a lissafa mini wata huɗu daga ciki, jirgin bai tashi ba tukuna. Yaya Galiema ta ce mata wancan zaman jira ne, yau ne mijinki ya mutu, yau za ki fara. Ta ce kin kashe mini shi sau biyu, sau ɗaya da hannunki a asibiti, sau ɗaya da bakinki a kan darduma ranar goma ga azumi. Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Ban kawar da kai ba, don ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na ji ba. Yaya Galiema ta ce alkawarin da ta yi a kan Asa ta yi shi ne da matar ɗanta, ba da wadda ta roƙa masa mutuwa ba. In ta gama kwanakinta ƙofa a buɗe take, amma 'yar Toyer a gidan Toyer za ta girma. Doreen ta tashi ta koma ɗaki, da hannunta ta rufe ƙofar. Asa takan je ta tsaya a wurin, amma mun gaya mata Mama ba ta da lafiya, kwana biyun nan ta rage zuwa. Yara ai mantuwa gare su.

To ka ji yadda aka yi, ɗan'uwana. Takabarta ba za ta cika ba sai wajen ƙarshen Afrilu, jirginka kuwa Maris ne, babu kuma wanda ya tsara haka sai Allah. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya rage shi ne kada wahalarka ta tafi a banza. Ga 'yata Wardah, wadda ka bari tana koyon ɗinki, yanzu ta cika sha tara, ta iya keke fiye da ubanta, ba ta da miji ba ta da goyo, kuma jininka ce. Mene ne a nan da za ta zauna jira, motar rusau? Salie ya tambaya a ofishin jirgi, sun ce in mai tsayawa ya rubuto da wuri ana iya canza suna. Ka rubuta musu a satin nan don Allah, kada ka tsaya fushi da mu lokaci ya ƙure. Ba sai ka kashe komai a kan kayanta ba. Akwai akwatin da Doreen ta haɗa, da wata rigar sanyi mai kyau da ta ɗinka wa kanta don iskar teku. Ta ɗan yi wa Wardah tsawo, amma na kai wa Doreen ita ɗaki jiya da zare da allura, tana nan tana rage ta, tunda zaune take ba abin yi.

Ka gaishe mini da Gairo, ka ce mata na ji daɗin hotunan, amma ta ƙara wa yaran nan abinci. Ka shafa mini kan Rushdi da Nazli da ƙaramin da ban taɓa gani ba. Salie yana gaishe ka, ya ce ka aiko masa da man gwiwar da ka faɗa. Yaya Galiema ta ce ta yafe maka kalmar da ka kira mu da ita, ka riƙa sa Toyer a addu'a. Tsoho Moegsien da Wardah suna gaisuwa. Doreen ba ta aiko da gaisuwa ba, kada ka ga laifinta, mai takaba ba ta aika wa namiji saƙo.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Jawayer